Ƙofa Mai Faɗin Makara

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro. Mai girma wakilin Kwamishinan Ilimi. Ranka ya daɗe wakilin Hakimi. Allah ya gafarta Malam, Limamin Rimin Auta. Dagatai da masu unguwanni da suka taso daga Utai da Indabo da Kausani. Shugaban wannan kwaleji da 'yan uwana malamai. Ɗalibai maza da mata. Iyayenmu da ke zaune can gindin darbejiya saboda kujeru sun ƙare kafin a zo kansu. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Dalhatu Isyaku. Ni ne malamin tarihi a nan Kwalejin Horon Malamai ta Rimin Auta, kuma a ƙauyen nan da kuke hange bayan katanga aka binne cibiyata. Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana ta buɗe sababbin gine-gine. Ina godiya ga hukuma da ta kashe abin da ta kashe. Ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya zaɓe ni in ba da tarihin kwaleji, ko da yake an ja mini kunne cewa in gajarta, domin shinkafa tana kan wuta. Zan gajarta iyakar iyawata. Amma ina neman afuwa tun yanzu, don ba da farin ciki na hau wannan dandamali ba, kuma ban iya ɓoye abin da ke raina ba.

Magana ta farko ita ce asalin wannan wuri. Inda kuke zaune gonar dawa ce, ta yayan mahaifina, Baba Haladu. 'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, jami'in ilimi ya zo tare da dagaci suna neman filin da za a kafa makarantar horon malamai. Ina wurin, lokacin ina koyarwa a firamare. Baba Haladu ya saurare su har suka gama, sannan ya nuna wata 'yar hanya da ta tsaga gonar gida biyu, ta taso daga ƙauye a yamma ta faɗa makabarta a gabas. Ya ce, "Ku ɗauki gona ku yi makarantarku, na bayar saboda Allah. Abu ɗaya nake roƙo. Hanyar nan ta ita aka bi da ubana, ta ita za a bi da ni. Kada a taɓa ta." Jami'in ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, wa zai taɓa hanya?" Aka yi fatiha aka tashi.

Da ɗakunan laka aka fara, rufin azara, aikin gayya. Ɗalibai ba su da yawa, har malami yakan san sunan uban kowane. Kuma a wancan zamani, in aka taho da gawa ta tsakiyar kwaleji, malami yakan ajiye alli, ɗalibai su miƙe tsaye, manyansu su fito su karɓi makara su rage wa dattawa nauyi har bakin kushewa. Ba a rubuta wannan a manhaja ba, ba kuma a yi jarrabawa a kansa ba, amma ban san wani darasi da ya zauna a zukatan yaran nan kamarsa ba.

Magana ta biyu ita ce yaƙin basasa. Ba zan daɗe a kanta ba, don da yawa a nan ciwon bai warke musu ba. Malamanmu da suka zo daga nesa suka tattara suka tafi, wasu ko sallama ba mu samu yi ba. Ɗalibai suka ajiye littattafai suka shiga soja, waɗansu suka dawo, waɗansu har yau iyayensu in sun ji tsayuwar mota sai sun leƙo. Kwaleji ta koma kango. Jemagu suka gaje ɗakin karatu. Abinci ya yanke daga hukuma, mutanen ƙauye ne suka riƙa aiko da akushi domin 'yan ɗaliban da suka rage kada su watse. Da ƙyar da jiɓin goshi wannan wuri ya kai ranar da aka ce an ajiye makamai.

Magana ta uku ita ce abin da ya biyo bayan yaƙi, wanda shi ne muka taru yi wa biki. Man fetur ya yi daraja, arziki ya ɓarke, gwamnati ta ce kowane yaro zai shiga firamare kyauta, kuma kowane aji yana bukatar malami, yau ba gobe ba. Sai ga tifofi suna ta zuba yashi. Aka rushe laka aka tsayar da bulo. Aka kawo injin wuta, aka kawo malamai daga ƙasashen da sai mun duba taswira muke gane inda suke. Aka yi ƙarin albashi, kowane malami ya sayi babur, har ni da ke muku wannan dogon wa'azi, kuma sau biyu yana kayar da ni a yashin bakin kasuwar Wudil. Ba na raina wannan ci gaba. Yaran da iyayensu ba su taɓa riƙe fensir ba, yau ga su za su koyar da wasu. Wannan alheri ne, wanda ya musa ya yi butulci.

Amma tun da tarihi aka ce in faɗa, ba kirari ba, dole in ƙara da cewa mun yi girma da sauri fiye da yadda hankalinmu ya girma. Yau ina shiga aji ban san sunan rabin waɗanda ke gabana ba. Akwai akwatunan kayan kimiyya a sito da ba a taɓa buɗewa ba, gara ce kaɗai ta san abin da ke ciki. Gonar kwaleji da ɗalibai ke ci daga gare ta ta zama wurin ajiye motoci. Muna cin shinkafar da ta hau jirgin ruwa, alhali ga fadama a bayanmu. Duk wannan zan iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne katanga.

Ban ce katanga ba ta da amfani ba. Awaki sun addabe mu, ɓarayi sun kwashe katifu, ga kuma ɗalibai mata da iyayensu suka ba mu amana. Sai dai wanda ya zana tsarin sabuwar kwaleji bai taɓa taka ƙasar Rimin Auta ba. An ce daga hoton da aka ɗauka ta jirgin sama ya yi aikinsa. A hoton, hanyar Baba Haladu ta fito kamar zare, ya ɗauka turbar awaki ce, ya ja layi a kanta. Aka gina katanga ta yamma aka sa babbar ƙofa. Aka gina kudu da arewa. Da aka zo gabas, daidai inda hanya ke fita zuwa makabarta, siminti ya yanke, sai ɗan kwangila ya toshe gurbin da kwano da waya mai ƙaya, ya sa kwaɗo, ya tafi da makulli.

Ranka ya daɗe, a daminar bara Allah ya yi wa Baba Haladu rasuwa. Aka yi masa wanka, aka yi masa sutura, Liman ya sallace shi a ƙofar gida, muka ɗauko shi muka nufo hanyar da aka saba. Ina riƙe da gaban makara. Muka iso babbar ƙofa muka tarar da mai gadi, Kofur Ya'u, tsohon soja, mutumin kirki. Ya cire hularsa, ya dubi makara, ya dube ni. Ya ce, "Malam, wallahi ko na buɗe muku nan, can gabas a kulle yake, makulli kuma yana Kano." Na ce, "Kofur, ka san wa muka ɗauko? Mai gonar ne." Ya ce, "Na sani, Malam," hawaye na zubo masa. Ba laifinsa ba ne, kuma ba na so kowa ya kalle shi da wannan bayan an tashi.

Ba a barin gawa tana jira. Kudu fadama ce, ta cika ta batse. Sai muka zagaya ta arewa, muka hau bakin kwalta, cikin tankokin mai da manyan motoci masu zuwa gabas. Wani direba ya danna mana hon, dole muka gangara kwalbati da makara a kafaɗa, ruwa har gwiwa, muka tsaya ya wuce. Tafiyar da a da ba ta kai a gaji ba, ranar sai da matasa suka yi ta canjin kafaɗa. Dattawa kuwa ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zama a bakin titi. Sa'annin Baba Haladu, waɗanda aka yi musu kaciya tare, suka yi noma tare, suka tsufa tare, babu ko ɗaya da ya kai bakin kabarinsa. Liman da ke zaune a nan shaida ne, domin shi ma a hanya ƙafa ta gaza masa. Mutumin da ya ba da gona sukutum ya roƙi hanya kaɗai, shi ne na farko da aka hana hanyar. Wallahi na ji kunya, na ji baƙin ciki, kuma har yau in na shiga aji na ɗauki alli sai abin ya dawo mini.

Tun daga ranar, duk wanda ya rasu a ƙauyen nan ta kwalta ake bi da shi. Mun kai kuka ofis, aka ce a tura Kano. Kano ta ce tsari ya riga ya tabbata. Wani ma cewa ya yi wucewa da gawa zai firgita ɗalibai. Ɗaliban da muke shirin tura wa ƙauyuka su tarbiyyantar da 'ya'yan mutane, su ne za mu koya wa cewa mutuwa abar toshewa ce da bulo?

Yanzu siminti ya iso. Kun gan shi jibge a bayan ɗakin taro an lulluɓe da tamfol. Ranar Asabar magina za su cire kwanon nan su ɗora bulo, kuma kowa ya san abin da aka gina da kuɗin gwamnati ba a rushe shi don talaka. Shi ya sa na zaɓi yau, gaban manya, gaban jama'a. Na san ni ma'aikaci ne, na san inda ake tura malamin da bakinsa ya yi tsawo. In an tura ni, zan tafi.

Ba mu ce a rushe katanga ba. Ba mu ce a mayar da gona ba. Ba mu neman diyya. Ƙofa muke roƙo a bangon gabas, mai faɗin makara da mutanen da ke ɗauke da ita, a ba Liman makulli ɗaya, a ba mai gadi ɗaya. Mai girma wakilin Kwamishina, kalma ɗaya daga bakinka ta isa magina su tsallake wannan gurbi.

Zan rufe da saƙon da aka ba ni. Inna Yelwa, matar marigayi Baba Haladu, tana kwance tun kaka, jiki ya ƙi. Da hannunta ta tuƙa wa ɗaliban kwalejin nan tuwo a shekarun yaƙi. Jiya da la'asar na je gaishe ta, na ce ko akwai abin da take so in sayo mata a Wudil. Ta girgiza kai. Ta ce, "Dalhatu, an ce gobe kai za ka yi magana gaban manya." Na ce haka ne, Inna. Ta ce, "To ka tambayar mini su, ni ta ina za a bi da ni?"

Na ce mata in an tashi daga taro zan biyo in faɗa mata abin da kuka ce. Tana can tana jira, kuma ba ta da lokaci mai yawa na jira.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na bayan katangar gabas da waɗanda yaƙi ya binne inda ba mu sani ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ya yi wa shugabanninmu jagora, ya sa tausayin na ƙasa a zukatansu. Allah ya albarkaci wannan kwaleji da ɗalibanta, ya sa ilimin da za su ɗauka ya amfani mutane. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya sa mu cika da imani, ya ba mu masu raka mu in tamu ta zo.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.