Lasifikar Bakin Taga

A ƙofar wani ɗakin biki a Birnin Kebbi, Hajiya Sharifa, gwaggon amarya, ta sauko daga motar Argungu ta zube kan benci. Mai haɗa sauti yana gefe yana naɗe waya.

"Kai ne Kalilu? Kiɗin gobe nika so mata su ji, amma kada ya fita waje."

"Hajiya, kiɗi akuya ne da zan ɗaure shi?"

"Na gaji, ɗana. Danginmu sun ce in babu kalangu ba su zuwa. Uban ango kuwa malami ne, ƙannensa sun rantse in ya ji kiɗi tashi zai yi. Waje zai zauna, bakin taga."

"Mai farin gemu da sanda? Ai ya zo jiya."

Ta miƙe zaune. "Ya hana, ko?"

"Cewa ya yi in juya lasifika guda wajen tagar, kada kowa ya sani. Wai marigayiya uwar ango tana son kalangu, tun rasuwarta bai sake ji ba."

Sharifa ta daɗe tana kallon tagar.

"Juya mashi, ɗana. Ni ma ba ka gaya mani komi ba."