Tamfol ɗin da na hana direba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Sale mai faci, a hanyar Batsari zuwa Safana.

Wani direban babbar mota ya ƙara wa motarsa sifirin, wato ƙarafan da ke ɗaukar nauyi, don ya ninka lodi, tayoyinsa kuma kullum tauri kamar dutse. Na ce masa suna farfasa kwalta, ya ce, "Hanyar ubanka ce?" A ramin da suka haƙa babur ya kayar da mahaifiyata, ƙugunta ya karye.

Kwanan nan motarsa ta karye a ramin, ga lodin masara a buɗe, ga hadari. Ya roƙe ni aron tamfol. Na shimfiɗa abina na zauna a kai. Masarar har ta tsiro cikin buhuna.

Liman ya ce na yi mugunta. Ku ba ni shawara, amma barcina nake har da minshari.