Turmin Marigayiya a Gidan Haya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni tela ne daga Hawandawaki, yanzu ina ɗinki a Tasawa.

Matata ta rasu bara da damina. Da na shigo gari neman ɗaki mai sauƙin haya, duk gidan da na je sai a ce, "Ba mu sa gwauro cikin iyali." Ɗakunan bakin hanya kuwa sun fi ƙarfina.

Rannan wani dattijo ya ga kayana bisa amalanke, har da turmin marigayiya da na kasa rabuwa da shi. Ya ce, "Ashe mai iyali ne. Ga makulli, malam." Na karɓi makullin, ban gaya masa ta rasu ba.

Yanzu matan gidan sun ari turmin. Kowace safiya ina jin dakansu daga ɗakina, suna kuma aiko tambaya, "Yaushe uwargida za ta iso?"

Masu sauraro, ku ba ni shawara. In na faɗi gaskiya, ƙila in rasa ɗakin. In na ci gaba da ɓoyewa, kullum sai na ce masu tana nan tafe.