Zayyanu Ya Samu Hali, Saura Kwamfuta

A tashar Bodinga, ana jiran motar Shagari ta cika, Malam Lirwanu na Mandera ya ja wani dogon tsaki har dillalin albasar da ke gefensa ya waigo.

"Lahiya, Malam?"

"Ina lahiya! Ɗana Zayyanu ya amsa wasu tambayoyi cikin waya, wai gwajin hali. Waya tac ce shi marar son taro ne, irin masu haɗa manhajar kwamfuta."

"Sai da waya ta hwaɗi? Kai da ka haihe shi hwa?"

"Ni dai miskili na sani, yanzu miskilanci ya samu shedu. Ƙanena ya rasu, yaron ga ya ƙi zaman makoki, wai halinai bai ɗaukar jama'a. Gona ma ya bar min."

"To manhaja nawa ya haɗa?"

"Ko guda. Kwamfutar ma bai da ita."

Dillali ya yi dariya har da buga cinya. "In rashin magana ce sana'ar, ai jakina injiniya ne!"

Wannan ta sosa wa Lirwanu rai. Zagin ɗansa aikinsa ne, ba na baƙo ba.

"A'a, bawan Allah, yaron na da kai. Tambayoyin nan ko ɗaya bai hwaɗi ba."

"Madalla. To kai mi yak kawo ka Bodinga?"

Lirwanu ya gyara hula, ya kau da kai wajen titi.

"Bijimin huɗata na saida. An ce kwamfutar tsada gare ta."