Hannun Da Ya Ƙona Motar Zumunta

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Halleluya!

Sunana Bitrus, rewaya ne ni a Yelwa, wato mai gyaran wayoyin mota. Yawancinku kun san ni, kun kuma san abin da nake sha a da. Burkutu da safe, ogogoro da rana. Hannuna har rawa yake in ban sha ba.

Bara aka kawo mini bas ɗin zumuntar mata in gyara fitila. A buge nake. Na haɗa kan batir a juye, wayoyi suka kama hayaƙi, motar ta yi wata biyu a kwance. Matata Laraba tana cikin zumunta. Ta daina zama a gaba a coci, ta koma kujerar baya saboda kunya.

Ran da na ga ta ninke zanen zumuntarta ta sa a ƙasan akwati, na durƙusa na ce, "Yesu, in kana gyara mutum, ga ni." Wata biyar ke nan ban taɓa giya ba. Amma wa zai ba ni motarsa? Ko mai keke bai tsaya a rumfata ba.

Asabar da ta wuce mata suka tashi zuwa taro, bas ya mutu a hanyar Tirwun. Direbanmu, Baba Yohanna, ya riga ya canja batir sau biyu a wata ɗaya. Wasu mata har sun fara cewa aikin magabta ne.

Laraba ta ce, "Bari in kira maigidana."

Mama Rifkatu, shugabar zumunta, ta ce, "Wanda ya ƙona mana ita? Haba Laraba!"

Duk da haka ta kira ni. Na hau acaɓa da jakar kayan aikina, ina addu'a: "Ubangiji, kada matar nan ta sake jin kunya a kaina."

Baba Yohanna ya tare ni. "Batir ne, ɗana. Batiran yanzu duk jabu ne."

Na ce, "Baba, jar fitilar batir ba ta nuna maka komai ba?"

Ya sosa ƙeya. Na leƙa gaban sitiyari, sai ga sitika mai ayar Zabura ya liƙa a kan fitilar, wai tana damun idonsa! Mata suka kwashe da dariya, na ɓare sitikar.

Muka roƙi wani mai tasi ya ba mu wuta daga batirinsa, motar ta tashi. Na ɗora mita a kan batir. Inji na aiki, amma mita tana nan sha biyu, har tana sauka, maimakon ta haura wajen sha huɗu. Na ce, "Mama, batir ba shi da laifi. Altaneta ce, wadda ke cajinsa in mota na tafiya. Ta daina ba shi abinci."

Na kwance ta a bakin titi. Buroshin ciki, ɗan gawayin da ke kai mata wuta, ya cinye sarai. Ina da sabo a jaka, amma sai an liƙa shi da dalma, aikin da hannu mai rawa ba ya yi. Na sa ƙarfen dalma a garwashin wata mai gasa masara. Mata ashirin suka zuba mini ido.

'Yan'uwa, hannun nan bai motsa ba! Ɗigo ɗaya, ya zauna daram. Na mayar da altaneta wurinta, aka sake ba mu wuta, mita ta haura sha huɗu, jar fitila ta mutu.

Mama Rifkatu ta dube ni ta ce, "Bitrus, ka yafe mini. Daga yau babu mai taɓa motar nan sai kai." Ta juya ta ce, "Laraba, zo gaba ki ba mu waƙa."

Ina alfahari, ba zan ɓoye ba. Na iya aikina, kuma Yesu ne ya mayar mini da shi. Na gode masa. Kai da kake ganin an gama da kai, ka dogara gare shi. Ga Laraba can a layin gaba da zanenta, ku tambaye ta.

Amin!