Akwatin da Ya Faɗo Gonar Yamusa

A tashar motar Kwali, Yamusa ya tare wani baƙo da ke rungume da akwatin ƙarfe. Tun ranar da wani babban balan-balan na binciken jami'a ya yar da akwatin nan a gonar Yamusa, dagaci ya hana kowa sayen doyarsa, wai ƙasar ta ƙazantu.

"Oga, kai ne mai wannan kaya?"

"Na jami'a ne, baba. Aiko ni aka yi."

"To faɗa mini abin da ya zuba a gonata."

"Bai zuba komai ba. Tarko ne na wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani. Masana na zaton tauraro ne ke fashewa, ɓarɓashinsa ya yi ta juyi kamar dutse a majaujawa, har ya kuɓuce ya iso duniya."

"Shi ne ya zaɓi gonata?"

"Ba ya zaɓe. Yanzu haka yana ratsa ni, yana ratsa ka."

"Har dagaci?"

"Har shi da hularsa."

Yamusa ya damƙe hannun rigar baƙon.

"Motar nan sai dai ta tafi ba kai. Zo ka maimaita a gaban dagaci. In gonata ta ƙazantu, to ya fara ƙona hularsa."