Kofin Ruwan Sukarin da Na Zubar

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Saratu matar Ishaya, daga wani ƙauye bayan Zakirai. Duk wanda ya san ni ya san taurin kaina, shi ne kuwa ya kusa kai ni kabari.

Shekara tara ina fama da ciwon suga. Shi ya ci yayata Rahila. Aka yanke mata ƙafa, ba ta yi wata biyu ba ta rasu. Ran da muka binne ta na rantse sukari ba zai ƙara shiga bakina ba. Ko rake na daina kallo.

A shekarar da taki ya gagari talaka, ina roron gyaɗa ƙirjina ya riƙe, na faɗi. Likita a Kano ya ce hanyoyin jinin zuciyata sun toshe. Ya tura mu wani asibiti mai nisa, a ɗauki hoto a ga ko naman zuciyar yana da sauran rai. In da rai, a yi aiki. In babu, in koma gida in jira ranata. Ishaya ya sayar da san nomansa muka tafi.

Na je ban karya ba, yadda suka ce. Wata nas, Malama Hadiza, ta soki yatsana ta auna, ta miƙo mini kofi.

"Inna, shanye. Ruwan sukari ne. Sai zuciya ta ci kafin na'ura ta gan ta. Muna duba jininki, ga allura a ajiye in sugan ya hau."

Sukari! Ni? Tana juya baya na tuttule shi a bokitin shara. Da ta dawo ta sake aunawa, sai ta dube ni.

"Inna, kin sha kuwa?"

"Na sha," in ji ni, da furfurata.

Hoto ya fito duhu. Likita ya ce bai ga abin da zai dogara da shi ya yi mini aiki ba. Ishaya, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, ya rufe fuska da hula. Wayyo! Ni kaɗai na san dalili.

A kan bencin asibiti na sunkuya na ce, "Ya Ubangiji, tsoro na bauta wa, ba kai ba. Ka gafarta mini, ka buɗe bakina." Na tashi na je na gaya wa Malama Hadiza gaskiya.

"Haba Inna! Da hannunki za ki kashe kanki?" Ta yi mini faɗa sosai, sannan ta je ta roƙi likita.

Mako biyu muka jira. A karo na biyu na shanye kofin ina kuka, tana riƙe da hannuna, tana aunawa a kai a kai. Hoto ya fito sarai. Wani sashen zuciyar ya mutu, ba zai dawo ba, amma mafi yawa da ransa. Aka yi aikin.

Yau ba na iya ɗaukar tulu, noma kuma ya ƙare mini. Amma ga ni tsaye a gabanku. Yabo ga Ubangiji!

'Yan'uwa, in akwai abin da kuke ɓoyewa saboda tsoro, ku kai wa Yesu, ku kuma faɗa wa likita. Saura ƙiris a sallame ni in je in mutu, alhali zuciyata tana da rai. Na gode wa Allah. Amin.